Gwazarma a Ciyawar Goggo Barmani

Ko Alƙur'ani zan dafa, na san ba za ku yarda da wannan labari ba, tunda daga bakina zai fito. Ban ga laifinku ba. Ni ne Ɗanliti Fom-Tu, wanda ya sa mai shayin bakin tashar Funtuwa ya yi kyautar shayi yini guda, saboda na ce masa na ji sunansa a rediyo cikin waɗanda aka ba kujerar Makka. A aji biyu na sakandare na lura na fara fin malamai sani, sai na bar musu makarantar don kada su ji kunya. Amma yau gaskiya zan faɗa, kuma ba don raina yana so ba. Ku matsa mini a bencin nan. In na gama akwai abin da zan tambaye ku, kada wanda ya tashi.

Goggo Barmani yayar mahaifina ce, a hannunta na tashi tun ina shekara huɗu. Mijinta, marigayi Baba Haladu, shekara talatin da ɗaya ya yi yana kula da furanni da ciyawa a wani gidan saukar baƙi. Da ya yi ritaya, abokan aikinsa wani ya koma gida da keke, wani da rediyo, shi kuwa sai ga shi da buhu guda na saiwar ciyawa, irin mai yaɗon nan da ake kira kirikiri. Ya dasa ta a tsakar gida, tsakanin rijiya da rumbu, faɗin tabarma shida. Unguwa ta sha dariya. Mutum da hankalinsa yana yi wa ciyawa ban-ruwa, abin da kowa ke tashi da asuba don ya nome. Ya hana akuya ci, ya hana kaza tono, ya kafa doka cewa ba fartanya ba wuƙa a wurin nan har abada. In an tambaye shi amfaninta sai ya ce, "Ido ma yana da yunwarsa."

Shekara uku bayan rasuwarsa, hawan jini ya kayar da Goggo a bakin murhu, ɓarin jikinta na hagu ya shanye. Likita ya ce in tana son ƙafa ta dawo sai ta taka ta kullum. Goggo ta dubi simintin ɗaki, ta dubi ƙasar tsakar gida mai tauri kamar dutse, ta ce ita ba ta sake faɗuwa. Sai a kan ciyawar nan ta yarda, ba takalmi, domin ko ta zame ba za ta ji ciwo ba. Taku uku ta fara yi. Wata shida bayan nan tana yin taku arba'in, tana ƙirgawa da ƙarfi, wani lokaci tana magana ƙasa-ƙasa kamar mai ba wani labari. Ba wanda ya taɓa tambayarta da wa take.

To, ga inda na shigo. Duk shekara kafin damina ana barbaɗa wa ciyawar taki, kuma ba kowane taki ba. Sai busasshen kashin shanu wanda ya shekara, daga rugar su Sumaye, Bafullatanar da ke kawo mana nono. Tafiyar awa guda ce da baro, ga hawa. Goggo ta aike ni. Ranar kuwa ana buga wasan ƙarshe a gidan kallon ƙwallo. Na tura baron nan har bayan mahauta, na ga wata tsohuwar bola baƙa ƙirin, na ce da zuciyata, taki ai taki ne, ciyawa ba ta da hanci. Na cika baro, na je na kalli ƙwallona, na watsa wa kaina ruwa a goshi don ya yi kama da gumi, na shigo gida ina nishi. Har cewa na yi wani bijimi ya biyo ni a rugar, da ƙyar na sha. Goggo ta sa mini albarka, ta sa aka dama mini fura.

Wata biyu da faɗuwar ruwa, lokacin da ko bango ke yin kore, ciyawar Baba Haladu ta fara ja. Da farko wuri ɗaya, kamar faifai. Sai biyu, sai biyar, suna haɗuwa da juna. Wasu suka ce ƙishirwa ce, aka ninka ruwa. Wasu suka ce baki ne, aka yi hayaƙi. Ni na ce canjin yanayi ne, duk duniya ake fama da shi, har na zana musu yadda abin yake da tsinke a ƙasa. Ciyawa dai ta ci gaba da mutuwa.

Goggo ta rage taku daga arba'in zuwa goma. Daga nan ta daina fitowa. Ta sa aka jawo gadonta jikin taga, ta yini tana kallon wurin. Da aka matsa mata da tuwo sai ta ce, "Mai ita ya tafi, ita ma ta gaji da jira. Ranar da ta ƙarasa bushewa ku kira masu wanka." Ba kuka ta yi ba, ba faɗa ba. Loma biyu take yi ta ture kwano. Cikin mako biyu zoben hannunta ya fara zamewa. Kun ga abin ya wuce maganar ciyawa ke nan.

Mutum uku ne suka tsaya a kan lamarin, zan kuma ba ku aikin kowa yadda ya yi shi, ba ragi ba ƙari.

Ta farko Hansatu ce, matar Ƙasimu ɗan Goggo. Shekara goma tana gidan, ba ta taɓa ɗaga ido ta dubi fuskar surukarta ba, ba ta taɓa tsallake maganarta ba. Ga ta da tsoron tsutsa, mangwaro ma sai ta yanka shi ƙanana-ƙanana ta duba kafin ta kai baki. Ita ce ta lura da abin da mu masu ilimi ba mu gani ba: duk kazar da ta kuɓuce, wurin da ya yi ja take nufa, ba ta kula koren, haka ma hankaki in sun sauka da safe. Kwana uku tana saƙawa tana kwancewa, domin ta san dokar Baba Haladu. Ran na huɗu bayan ta gama shara, ta durƙusa ta damƙi busasshiyar ciyawar ta ja. Sai ta ɗago gaba ɗaya kamar tabarma, ba saiwa ko ɗaya. A ƙarƙashi ga gwazarma farare, ƙosassu, masu jan kai, kowace ta lanƙwashe kamar jinjirin wata. Hansatu ta ruga bayan ɗaki ta yi amai. Ta wanke baki ta dawo, ta sa hannunta tsirara ta tsince su ɗaya-ɗaya cikin kwano, arba'in da bakwai, ta kai ƙofar ɗakin Goggo ta durƙusa. Goggo ba ta dubi kwanon ba. Ramin ta duba ta taga, ta ce, "Wa ya ba ki izinin tone masa?" Kwana biyu Hansatu tana gaisuwa ba a amsawa, tana kuka a madafi, amma ba ta ce ta yi kuskure ba. Da ba ta ja ciyawar nan ba, da har yau ruwa muke zubawa muna kiwon tsutsa.

Na biyu Ƙasimu ne, mijinta, tela a layin 'yan yadi. Saura kwana tara Babbar Sallah, shagonsa cike da ɗinkin mutane har rufi. Ya sayo maganin ƙwari a kasuwa, aka duba aka ce wannan na feshin wake ne, a kan ganye yake tsayawa, su kuwa waɗannan a ƙarƙashin ƙasa suke. Ƙasimu ya ajiye maganin gefe. Ya rufe shago da kwaɗo ya hau motar Zariya, wurin malaman gona. Suka ce ba sa rubuta magani a kan labari, sai sun ga tsutsar da ƙasar da ta fito. Ya juyo gida. Washegari ya koma da kwalba a aljihu, motar ta mutu a hanya, ruwa ya dake su, ya isa ya tarar malamin ya fita gonar gwaji. Ya zauna a dakali da jiƙaƙƙen kaya har la'asar, mutane na wucewa suna kallon babban mutum rungume da kwalbar tsutsa. Sai rana ta uku ya shigo da maganin da ya dace, irin wanda ke bin ruwa ya sauka wurin saiwa, da takardar yadda ake haɗa shi. Ya tarar an yi masa taron dangi a ƙofar shago. Gidaje biyu da suka shekara goma sha wani abu suna ɗinki a wurinsa suka kwashe yadinsu suka kai wa maƙwabcinsa, kuma ba su dawo ba. Wata Hajiya ta ce masa, "A kan ciyawa ka bar 'ya'yana tsirara ranar idi?" Ya sunkuyar da kai ya ce, "A yi haƙuri, Hajiya." Duk wanda ya san tela ya san abin da ya rasa. Da bai je ba, da mun san cutar muna zaune muna kallonta.

Na uku Malam Sallau ne, aminin Baba Haladu tun suna samari, manomi, shekara saba'in da 'yan kai. A da duk unguwa shi ake kira in za a yi feshi, amma ciwon asma ya kama shi, likita ya hana shi, 'ya'yansa suka rataye injin feshin a rumbu shekara biyar. Ni na ce a bar mini aikin. Na ce in murfi ɗaya yana kashe su, kwalba guda za ta kashe har jikokinsu. Malam Sallau ya dube ni ya ce, "Za ta kashe har rijiyar, Fom-Tu. Matsa." Ya aika aka sauko da injinsa. Ya sa aka rufe rijiya da langalanga da buhu, aka kulle kaji a akurki, aka kai yara gidan maƙwabta. Ya sa aka ɗan yayyafa ruwa tukuna don gwazarmar ta taso sama. Ƙasimu yana karanta takarda shi yana awo da murfi, ko ɗigo bai zuba ba. Ya jira rana ta yi sanyi, iska ta kwanta. Ya naɗe hanci da baki da rawani, ya sa leda a hannu, ya goya injin a bayan nan nasa da ya rankwafa, ya yi feshi yana ja da baya don kada ya taka inda ya jiƙa. Bayan nan ya sa aka bi da ruwa daidai misali, wanda zai kai maganin ƙasa amma ba zai gangara rijiya ba. Ya ce mako guda ko kyanwa kada ta taka. Ya yi wanka, ya sa aka wanke kayansa daban, ya koma gida ya kwanta kwana uku ƙirjinsa yana kukan sarewa, a gado ya yi Sallarsa. Da aka ɗaga gefen ciyawar, gwazarma duk sun yi baƙi sun mutu. Da ni na riƙe injin nan, da an rasa ciyawar, an rasa rijiyar, wataƙila har da ni.

Sai dai ciyawa ba ta san gaggawa ba. Tsutsa ta mutu, amma wurin yana nan ja, Malam Sallau ya ce sai an yi wata guda kafin sabon tsiro ya rufe. Goggo kuwa ba ta da wata guda. An gaya mata an yi magani, ta ce, "Na ji," ta juya fuska bango. A nan ne kwanyata ta motsa. Na je wurin masu saƙa tabarmar kaba na samo koriyar galura, na dama a bokiti. Ranar Juma'a, maza suna masallaci, mata sun shiga gidan suna, Goggo tana barcin rana, na tsaya daga gefe da tsintsiya na yayyafa wa wuraren nan kore. Da ta farka ta dubi taga, ta daɗe tana kallo. Can sai ta ce, "Hansatu, akwai sauran kunu?" Karo na farko ke nan da ta kira ta tun ranar tonon.

Hansatu ta gane, Ƙasimu ya gane. Malam Sallau da ya warke ya zo, ya murza ganye ɗaya ya dubi yatsansa, ya dube ni, ya goge a riga ya wuce gaida Goggo. Duk ruwan da aka yi sai na sake shafawa. A hankali koren Allah ya taso ta ƙarƙashin nawa, har na daina gane wanne ne wanne.

Ranar da Goggo ta fito, gidan ya cika ba tare da an gayyaci kowa ba. Ƙasimu ya riƙe ta ta dama, Hansatu ta hagu. Ta sa ƙafa a kan ciyawar, ta tsaya tana motsa yatsu cikinta. Sannan ta ce su sake ta. Taku bakwai ta yi ita kaɗai, ta zauna a tsakiya, ta shafa wurin da tafin hannunta mai lafiya. Malam Sallau ya juya baya yana gyaran hula, ya daɗe yana gyarawa. Ni kuwa na fara ba mutane labarin yadda na tsara aikin tun daga farko, su ukun nan umarnina kawai suka bi.

Ina cikin haka sai ga sallamar Sumaye da ƙwaryar nono a ka. Ta sauke, ta yi wa Goggo barka, ta ce, "Goggo, takin nan fa da kika ce a ajiye miki yana nan har yau a bayan garke. Mun ga damina ta yi nisa ba a zo ɗauka ba, muka ce ko bana an fasa."

Idanu duka suka juyo kaina. Na duba ƙofa, Ƙasimu yana tsaye a bakinta.

Goggo ta ce, "Ɗanliti, bijimin nan da ya biyo ka, wane launi ne?"

Na ce, "Goggo, ai abin ya daɗe."

"Daga ina ka ɗebo?"

"Bayan mahauta. Amma Goggo, ƙwaron da ke haifar su fiffike gare shi, ko ban kawo ba zai iya sauka da kansa. A tambayi Malam."

Malam Sallau ya ce, "Yana iya sauka, gaskiya ne. Amma shekara goma sha biyu bai sauka ba sai da ka tura masa baro."

Na ga ba hanya, sai na jawo makamina na ƙarshe. Na ce a tuna dai ni na sa ta fara cin abinci, na fallasa maganar galura da bakina. Goggo ta yi dariya, dariyar da rabonmu da ita tun kafin ciwo, gefen bakinta ɗaya yana bin ɗaya. Ta ce, "Shekara arba'in ina auren mai ciyawa, ka taɓa ganin ta warke tsakanin azahar da la'asar? Har farar kazar Hansatu ta fito da koren ciki. Na gani tun ranar farko. Na dai ce, in har wannan malalacin ya ɗauki bokiti saboda ni, to ba a gaji da ni ba tukuna. Shi ya sa na sha kunun." Ta ce ƙaryar galura ta biya ƙaryar bijimi, wannan an yi canjaras. Saura bola.

Daga nan ta aika Hansatu ta buɗe adaka, ta ɗauko wani abu naɗe cikin tsohon zane. Babban almakashin Baba Haladu ne, wanda yake aske ciyawar da shi, ƙotarsa ta yi sulɓi saboda riƙo. Ta ce ita ta kusa, tana son ta damƙa shi ga wanda ya ceci wurin nan, shi zai zama mai ciyawa a bayanta, da albarkarta da ta mai shi. Hansatu ta ce a ba Baba Sallau, shi ya sa ransa. Malam Sallau ya ce a ba Ƙasimu, shi ya rasa abincinsa. Ƙasimu ya ce a ba Hansatu, ita ta ɗauki fushin uwa. Wata maƙwabciya ta ce to a bar musu su ukun. Goggo ta ce, "Abin kowa ba na kowa ba ne, tsatsa za ta ci shi. Mutum ɗaya nake so."

Sai ta juyo kaina. Ta ce tunda Allah ya ba ni baki da ƙafar yawo, hukuncina biyu ne. Na farko, in tura baro har ruga in kwaso takin nan, sannan ban-ruwan ciyawa ya dawo wuyana, guga ashirin da safe, ashirin da yamma, duk ranar da sama ba ta zubo ba. Na biyu, in bi majalisa-majalisa in ba da labarin nan yadda yake, har da bolar, in nemo mata amsar da mutane suka taru a kai. Ranar da na kawo amsa, ranar zan ajiye guga.

Yau kwana goma sha tara ke nan. A tashar mota sun ce Hansatu, domin wanda bai san cuta ba ba ya neman magani, kuma ita kaɗai ta yi aikinta ana fushi da ita. A layin 'yan yadi sun ce Ƙasimu, domin sanin cuta ba ya warkar da ita, kuma shi asararsa ba ta dawowa. Dattawan ƙofar masallaci sun ce Malam Sallau, domin magani a hannun wawa guba ne, suna faɗa suna kallona, kuma shi numfashinsa ya jingina a kan amanar wanda ke kabari. Ko'ina na je da irin tasu amsar, an rabu uku, an bar ni da guga. Ga tafin hannuna ku gani, ni da ko biro ban riƙe da kirki ba. Damina kuwa ta ɗauke.

To, jama'a, ku dubi Allah ku haɗa baki ko sau ɗaya. Tsakanin Hansatu da ta gano, da Ƙasimu da ya nemo, da Malam Sallau da ya fesa, wa za a miƙa wa almakashin Baba Haladu?